Koren Fenti a Kan Ƙarfen Ba Ajimi

An yi wani mutum a nan garin namu na Maiduguri, can Umarari, wanda ba zan kama sunansa ba. Ku daina waige-waige, ba ya cikin masallacin nan. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake ɗauko albasa da ita daga gonakin Konduga zuwa kasuwa. Da ita yake ci, da ita yake rufa wa iyalinsa asiri.

Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na wani dattijo, Ba Ajimi, tsohon direban babbar mota da ya ajiye tuƙi. Shi ya koya wa mutumin nan mota tun yana saurayi. Shi ya tsaya masa wajen manoma har suka yarda suna ba shi kaya. In Ba Ajimi ya ce "ƙanena", duk unguwa an san wa yake nufi.

Ba Ajimi yana da wasu ƙarafa biyu masu ƙafa uku-uku, irin waɗanda ake tokare mota da su bayan an ɗaga ta da jak. Duk mai son taɓa motarsa a ƙofar gida wajensa yake zuwa aro, kuma ba ya hanawa. Sai dai fa za ka sha wa'azin da ya fi nawa tsawo.

"Jak ɗagawa yake yi, ba riƙewa ba," haka yake fara wa kowa. "Ƙasar garin nan yashi ce, ka shimfiɗa katako mai kauri a ƙasa. Ja birkin hannu, sa dutse a bayan taya. Ka ɗora ƙashin motar a kan ƙarfen, ba gwangwanin jikinta ba. In ta zauna ka girgiza ta da ƙarfinka, in za ta faɗi ta faɗi kana tsaye. Tayar da ka cire ka tura ta ƙarƙashi. Kuma ka sauke kaya tukuna!"

Kafin ya miƙa maka, sai ya bi duk inda aka yi walda da ido da babban yatsa. Haka in ka dawo da su. Samari na yi masa dariya a bayan ido, amma babu wanda mota ta taɓa faɗa wa a layin nan.

Wata rana mutumin nan ya dawo daga Konduga, mota cike da buhuna har sama, sai taya ɗaya ta fara kuka. Ya ari ƙarafan. Ya dubi buhunan nan, ya dubi rana, ya ce wa zai tsaya sauke wannan uban kaya ya sake lodawa? Ya ɗaga motar da kayanta ya ɗora. Bai gama juya baya ba ya ji "ƙas!" Ya durƙusa ya duba. Waldar ƙafa ɗaya ta tsage, tsaga siririya kamar zare.

Ya 'yan uwa, me ya rage masa a nan? Magana ce da ba ta cika baki ba: "Ba Ajimi, na ƙi jin maganarka, na lalata maka ƙarfe." Dattijo zai yi faɗa, ya yi ta yi har ya gaji, a kai wa mai walda, shi ke nan. Amma mutumin nan ba ya son a yi masa faɗa gaban yara. Ya girma, ya yi gemu, ya yi tumbi. Mai waldar unguwar kuma abokin hirar Ba Ajimi ne, in aka kai masa magana za ta fito.

Sai Shaiɗan ya ba shi dabara, kuma dabarar Shaiɗan kullum kyau gare ta a ido. Ya samo ƙullun nan da masu gyaran jikin mota ke shafe lotsawa da shi, ya cusa a tsagar, ya goge. Ya ɗauko ragowar koren fentin da ya shafa wa ƙofar gidansa, ya mulke ƙarafan duka biyu. Suka bushe suna ƙyalli.

Ya kai su lokacin da dattawa ke zaune a dakali bayan La'asar. Ba Ajimi ya karɓa, ya bi walda da yatsa kamar yadda ya saba, ya ji sumul. Ya ɗaga su sama yana nuna wa jama'a.

"Ku gani! Wasu in sun ari abu sai ka bi su gida. Ƙanena kuwa ya ari tsoho ya dawo da sabo. Allah ya yi maka albarka."

Mutumin nan ya ce amin. Wallahi ya ce amin! Aka sa masa albarka a kan ha'inci, ya shafa a fuska.

Bayan wannan bai ƙara zuwa aro ba, don ya san abin da ya binne. Aka kwana biyu, ƙarfen da ke riƙe da tayar baya ya sami matsala, gyaran da sai an shiga ƙarƙashi. Ya jera bulo na siminti da hantsi, zai ɗora motar a kai. Ba Ajimi ya fito ya gan shi.

"Kai! Bulo? Bulo da ke rugujewa ba sallama? Ina raye, ƙarafana na jingine a zaure, za ka kashe mini kanka?"

Kafin ya buɗe baki, dattijo ya koma ya ɗauko su. Ya shimfiɗa katako, ya sa dutse, ya ɗaga, ya tokare. Mutumin nan yana tsaye yana kallo, yana neman gane wanne ne mai tsagar. Ya gane shi. Yana gefen da za a yi aikin.

Ba Ajimi ya girgiza motar, ba ta motsa ba. Mutumin ya ji sanyi a ransa, ya ce ai ga shi ta riƙe. Tayar wannan gefen kuwa an kai ta wajen mai faci, babu abin turawa ƙarƙashi. Jak ɗin ma dole a janye shi a tallafi ƙarfen da za a kwance. Ba abin da ya rage tsakanin mota da ƙasa sai koren ƙarfen nan.

Dattijo ya tuɓe babbar riga, ya ce, "Wannan tumbin naka ba zai shiga ba, kawo sifana." Ya kwanta a kan buhu, ya tura ƙafafu. Sai ya tsaya, ya ɗago kai ya dubi mutumin.

"Babu taya yau, ƙanena. Kai ka yi aiki da su ƙarshe. Lafiyarsu ƙalau ko?"

Jama'a, Allah ya sake buɗe masa ƙofa. Ba shi ya je neman ta ba, ita ta zo har gabansa. Ya tuna dakali, ya tuna albarkar da aka sa masa gaban mutane.

Ya ce, "Ƙalau, Ba Ajimi."

Dattijo ya yi bismillah ya shige.

Wani noti ya cije don tsatsa. Ba Ajimi ya zura bututu a sifana, ya tattara ƙarfinsa ya ja. Motar ta ɗan karkata, nauyi ya koma kan ƙafar nan mai tsaga. Ta buɗe. Mutumin nan ya ji "ƙas" ɗin da ya riga ya sani, sai mota ta sauko.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Maza suka fito da gudu suka cicciɓi motar, aka jawo Ba Ajimi. Bai mutu ba. Amma ƙugu ya karye, ƙafafu kuma ba su ƙara motsi ba. Mutumin nan ya fi kowa kuka. Shi ya riƙe kan dattijon har asibiti, mutane na cewa kai, wannan amana ta yi amana.

Da aka dawo da Ba Ajimi gida, abu ɗaya ne ya hana shi sukuni: yaya ƙarfen da ya duba da hannunsa zai ci amanarsa? Ya sa matarsa, Ya Kaltum, ta kawo masa shi kan shimfiɗa. Ɗakin cike da masu dubiya, mutumin nan na zaune a bakin ƙofa. Dattijo ya juya karyayyar ƙafar, ya sa farce ya kankare fentin. Ƙullu ya zubo masa a ƙirji. A cikin tsagar kuwa ga tsatsa ja, wadda ta daɗe da zama.

Ya daɗe yana kallonta. Tsohon direba ne, babu wanda zai yi masa bayani. Ya juyo da kai, hawaye na gangara masa cikin kunne. Bai yi zagi ba, bai yi Allah ya isa ba.

Ya ce, "Ƙanena, ai na tambaye ka."

Mutumin ya tashi ya fita, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Kafin Magariba unguwa ta ɗauka. Kafin mako ya zagayo labari ya kai Konduga. Manoman da suka ba shi kaya saboda Ba Ajimi suka hana shi saboda Ba Ajimi. Mota ta zauna a ƙofar gida ba taya, babu mai ara masa ko sifana, har 'yan gwangwan suka saye ta suka yanka. Matarsa ta kasa haɗa ido da Ya Kaltum, ta kwashi yara ta tafi gidansu. In ya doso dakali sai hira ta mutu.

Ya rage shi kaɗai da katangar nan. Ta bayanta yake jin nishin dattijo duk lokacin da ake juya shi. Kullum yana cewa gobe zai shiga ya durƙusa ya nemi gafara. Kullum kunyar nan da ta sa shi shafa fenti tana riƙe masa ƙafa. Gobe, gobe, har wata safiya ya ji kukan mata ya tashi a bayan katanga.

Bayan an watse daga zaman makoki, Ya Kaltum ta yi sallama a ƙofarsa. Tana riƙe da ɗaya ƙarfen, an kankare shi tas, babu ɗigon fenti. Ta ajiye a gabansa, ba ta dube shi ba.

"Ya ce a ba ka. A kwance ya kankare shi da kansa, ya duba ko'ina. Ya ce wannan lafiyarsa ƙalau, kada ka ƙara shiga ƙarƙashin mota a kan bulo."

Ya ce, "Ya Kaltum, ya ce ya yafe mini?"

Ta ce, "Ya jira ka zo ka tambaya. Ba ka zo ba."

Ya 'yan uwa, ba tsagar ƙarfe ta kashe Ba Ajimi ba. Ƙarfe yana tsagewa a gyara. Abin da ya kashe shi fenti ne, da "ƙalau" ɗin da aka ce masa yana kwance yana kallon fuskar wanda ya yarda da shi. Wanda ya ari abu ya lalata, ya faɗa. Wanda ya san aibi a abin da ɗan uwansa zai jingina ransa a kai, ya faɗa, ko da za a yi masa tsawa gaban duniya. Malamai sun karantar da mu cewa hakkin bawa yana nan a wuyanka sai mai shi ya yafe, kuma mai shi ba zai zauna jiranka har abada ba.

Kai da kake saurarena, me ka shafa wa fenti ka mayar wa mai shi? Wa ke kwance a ƙarƙashinsa yanzu? Tashi ka je tun yana iya amsa maka.

Allah ya kiyaye mu daga cin amanar wanda ya amince mana. Allah ya ba mu ƙarfin faɗin laifinmu tun faɗin yana da amfani, kada ya karɓi ranmu da hakkin wani a wuya. Amin.