Tafiyar Nkechi Daga Tasha Zuwa Ƙofar Azumi

Akwai wani mutum mai suna Ikenna, yana sayar da kayan gini a Kaduna. A Ƙaura Namoda aka haife shi, lokacin mahaifinsa yana aikin reluwe a tashar jirgin ƙasa ta garin. Yana goye aka yi wa uban canjin wurin aiki, suka tashi, ba su sake komawa ba.

Mahaifiyarsa Nkechi ta tsufa, ciwon mantuwa ya kama ta. Yau ta manta inda ta ajiye carbin cocinta, gobe ta manta sunan jikarta. Likita ya gaya wa Ikenna gaskiya, cewa abin ba ya ja da baya, kullum ƙaruwa zai yi.

Amma akwai suna ɗaya da ya ƙi fita daga bakinta: Azumi, ƙawarta ta zaman Ƙaura. In ta tuno ta, sai harshenta ya juye ya koma Zamfarci tsantsa.

"Ta tahi biki Zurmi muka taso," haka take cewa. "Ban yi mata bankwana ba. Ka kai ni tun ina gane mutane."

Ikenna ya yi ta cewa sai wani watan, har ranar da ta dube shi ta tambaye shi ko shi ne mai gyaran wuta. A makon nan ya sa ta a mota.

Sun kwana Gusau, suka shiga Ƙaura da hantsi. Shirinsa a gama komai kafin la'asar, domin duk wanda ya san hanyar nan a shekarun nan ya san ba a bari yamma ta riski mutum a kanta.

Ya ɗage gilashi, ya kunna sanyi, ya dinga zagaya gari da ita. Suka bi ta kasuwa, suka wuce ta ƙofar fada, suka dawo. Tsohuwa tana ta kallo kamar an kawo ta wata ƙasa.

"Wagga ba Ƙaura ta ba," ta ce.

Ya tsaya wurin 'yan acaba ya tambaye su gidan Azumi. Suka dubi juna suka kwashe da dariya.

"Oga, wace Azumin? Duk ɗiyar da aka haihwa cikin azumi Azumi ta. Ni kaina kakata Azumi ta, kuma ta daɗe da rasuwa."

Wani ya ƙara da cewa, "Kuma tsohuwa wa ka kiran sunanta? Sai Inna, sai Goggo, sai Hajiya. Mi ne sunan mijinta?"

Nkechi ba ta tuna sunan miji ba, ba ta tuna sunan unguwa ba. Ikenna ya koma mota ransa a ɓace.

"Mama, kin ji dai. Mu kama hanya."

"Kai ni tasha," ta ce.

Tashar tana nan inda layin dogo ya ƙare, shiru, awaki na kiwo a tsakanin ƙarafa. Nkechi ta buɗe ƙofa da kanta ta sauko. Ta tsaya ta dafa bango, ta daɗe a haka. Sai kawai ta gyara ɗaurin zaninta ta kama tafiya, ko waiwaye ba ta yi ba.

"Mama, ga mota!"

"Ni ban taɓa zuwa gidan Azumi da mota ba."

Ba yadda zai yi. Ya ɗauki lema da gorar ruwa ya bi bayanta.

Tafiyar tsohuwa ce, taku kaɗan sai hutu. Kuma duk wanda suka tarar a zaune sai ta tsaya ta gaishe shi, ta tambayi gida, ta tambayi gajiya, ta tambayi ruwan bana. Ikenna yana tsaye da lema yana duban agogo.

A bakin kasuwa ƙamshin daddawa ya tare ta. Ta zauna a kan bencin wata mai ƙuli-ƙuli, ta ɗauki ɗaya ta gutsura, ta ce gishiri ya yi kaɗan. Mai ƙuli ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wallahi Inna, bakinki na nan garin na. Ina kika ɓoye?"

Daga kasuwa ta miƙe, ba ta tambayi kowa hanya ba. Da suka zo ƙofar fada ta tuɓe takalmanta ta riƙe a hannu har suka wuce, kamar yadda ta ga ana yi a da. Ƙasa ta ɗauki zafi, Ikenna ya yi ta roƙonta ta mayar, ta ƙi.

Suna isa babban masallaci aka kira azahar. Ta raɓe a inuwar wata bishiya ta ce a bari mutane su wuce tukuna. Ikenna ya fara jin daɗi a ransa, ya ga unguwa ce ta tsofaffin gidaje, ya ce lallai an kusa.

Amma da aka shiga salla, maimakon ta kutsa cikin lunguna, sai ta juya wa gidajen baya ta bi wata gangara. Gidaje suka fara ƙarewa. Sai ga su a bakin gulbin Gagare, mata na wanki a can ƙasa.

Nkechi ta zauna a kan wani dutse. Ta dubi ruwa, ta dubi hannunta, sannan ta ɗago ta dubi ɗanta.

"Bawan Allah, ina ne nan? Mi muka zo yi?"

Nan ne ran Ikenna ya kai maƙura. Tun hantsi yake bin ta cikin rana, ga shi ta kawo shi bakin gulbi ta manta dalili. In suka hau acaba yanzu zuwa tasha, za su iya fita gari da sauran rana. In suka ƙara zama, tafiyar yau ta fasu, kuma gobe yana da motar siminti da za a sauke masa.

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya sauka a kan ƙafafunta. Sun kumbura, ƙura ta rufe su, babban yatsa ya fashe yana jini kaɗan. Duk tsawon hanyar nan ko sau ɗaya ba ta ce wash ba.

Ya durƙusa ya wanke mata ƙafa da sauran ruwan gorar. Ya kira matarsa ya ce yau a Ƙaura za su kwana, simintin ya jira. Sannan ya kashe wayar, ya zauna a ƙasa kusa da uwarsa.

"Ba abin da muka zo yi, Mama. Hutawa muke."

Suka zauna suna kallon masu wanki har rana ta fara sanyi.

Can wata mata ta gama wankinta, ta naɗa gammo, ta ɗora kwano a ka, ta hau wata siririyar hanya da ke bi ta cikin gonaki. Nkechi ta bi ta da ido. Sai ta yunƙura ta miƙe.

"Azumi, ki jira ni mana! Kullum sai kin riga ni."

Ashe ba ɓata hanya ta yi ba. A zamaninsu a gulbi suke haɗuwa, su yi wanki tare, sannan su wuce gidan Azumi su yi shanya. Ta hanyar gulbi kaɗai ta san gidan.

Matar mai kwano ta yi gaba abinta, amma Nkechi ba ta ƙara buƙatarta ba. Ta bi hanyar har ta shiga gari ta baya, ta wuce wata tsohuwar rijiya, ta karya kwana wajen wata tsamiya. A ƙofar wani zaure da aka shafe da siminti ta tsaya, ta ɗaga murya.

"Salamu alaikum masu gida! Matar Reluwe ta iso!"

Wani siririn magidanci da ke zaune a zauren ya miƙe yana kallonsu. Kafin ya ce komai, wata murya mai rawa ta fito daga cikin gida.

"Sha'aibu! Wa na ji ya ce Matar Reluwe?"

Nkechi ta kutsa kai ciki. Sai aka ji salati, sannan kuka.

Ikenna ya tsaya a zaure, tunda namiji baƙo ba ya shiga gidan mutane. Sha'aibu, wanda ɗa ne ga mai muryar nan, ya shimfiɗa masa tabarma ya kawo ruwa. Da ya ji wadda suke nema tun safe, ya girgiza kai.

"Ai da kun shekara kuna tambaya. Inna Babba aka ce mata. Ni kaina sai da na girma na san sunanta Azumi."

Suna cikin haka muryar ta sake tashi.

"Ina jinjirin? Ba da shi kika zo ba?"

"Yana zaure, Inna," Sha'aibu ya amsa.

"Zaure? Mi yaka yi a zaure? Ya shigo! Lokacin da uwarshi ta kwanta ciwo wata da watanni, nonon wa ya sha? Ɗana na. Duk matan gidan ga 'yan'uwanshi na."

Ikenna ya juya ya dubi Sha'aibu. Bai taɓa jin wannan labari ba. Sha'aibu ya dube shi daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan tumbinsa.

"Au, kai ne? Tun ina yaro ake ce mini wani ya shanye mini rabona. Dubi yadda ka bar ni, dubi yadda ka zama. Tashi mu shiga, ɓarawo."

A tsakar gida ya tarar da tsofaffin biyu a kan tabarma ɗaya, hannu cikin hannu. Idon Azumi ya yi rauni, don haka ta shafa fuskarsa da tafinta, ta ja kunnensa, ta ce har yanzu tana jin zafin cizon da ya yi mata. Ikenna, mutum mai furfura a gemu, ya durƙusa a gabanta hawaye na zuba.

Nkechi ta gyara zama. Idonta ya washe, maganarta ta fito tar.

"Azumi, mun tahi ban sallame ki ba. Abin ya tsaya mini a rai har yau. Ki yahe mini. Ga ni na zo bankwana."

"Na yi fushi kam," Azumi ta ce. "Na dawo daga Zurmi da tsarabarki, na iske ɗaki a buɗe. Na yi fushi har na gaji, sai na koma yi miki addu'a."

Ta juya wajen surukarta ta ce a ɗora ruwan zafi a gasa wa baƙuwa ƙafa, a ƙara tuwo. Sannan ta ƙara damƙe hannun ƙawarta.

"Kuma bankwanan mi? Yanzu kika iso. Zauna."

Darasi: 'Yan'uwana, in iyayenmu sun tsufa, mu rage sauri mu bi takunsu. Abin da muke gani kamar ruɗewa ce, wani lokaci ita ce kaɗai hanyar da ta rage musu. Su ma sun jira mu lokacin da muke koyon tafiya, ba su duba agogo ba. Wanda nasa ke raye, ya cika musu burinsu tun suna gane shi. Wanda nasa suka rigaye shi, ya nemi aminansu ya gaishe su. Allah Ya ba mu haƙuri da su, Ya ba 'ya'yanmu haƙuri da mu. Ku tura wa wanda kuka san yana jinyar tsoho a gida, ko zuciyarsa ta yi sanyi.