Telan Da Ya Ce Dubura Ba Ta Tari

'Ya'yana, na cikina da na wannan shafi, ku ajiye abin da kuke yi ku saurare ni. Ba zan maimaita ba.

Akwai wani tela, gwani ne a kan keke, amma ba a gaya masa magana. Wata takwas yana ɗinki a kan ɗuwawu guda, ya karkace kamar kujera mai ƙafa uku. Wani ƙurji ne ya fito masa a gefen dubura, ya fashe, ya ƙi rufewa. Kullum ruwa da mugunya.

Ya ce basir ne. Mu dai komai ya fito a wurin nan basir muke ce masa. Abokinsa direba ya kawo maganin sha, ya kawo na shafawa, har da na zama a ciki. Sau biyu ana tsaga wurin a kemis, yana dawowa.

Matarsa ce ke wanke wandunan. Ran nan ta juya ɗaya ta ga sabon ɗinki a ƙugu, layi uku. Ashe ramewa yake yi, yana rage wando a shago kada a gane. Ta kafe sai da suka je asibiti.

Likita ya duba wurin, ya cire safar hannu.

"Ka rame?"

"Ko kaɗan."

"Zazzaɓi fa? Gumi in kana barci?"

"Likita, basir na kawo maka."

Matar ta ce, "Sau uku ya rage wandon da ke jikinsa. Matashin kansa kuma kullum sai na shanya shi."

Ya watsa mata harara, ba ta sunkuyar da kai ba. Aka yanki ɗan nama daga bakin ciwon aka kai gwaji, aka ɗauki hoton ƙirji. Da sakamako ya fito likita ya ce tarin fuka ne, a dubura.

Tela ya tuntsire da dariya. "Ranka ya daɗe, tun yaushe dubura ta fara tari?"

"Sunan ne ya ruɗe ka," in ji likita. "Ƙwayar cuta ce, ba a huhu kaɗai take zama ba. Magani kullum, wata shida. In ka yanke a hanya tana iya dawowa ta fi ƙarfin wannan maganin."

Wata biyu yana sha, ciwo ya bushe, ya zauna daidai a kan keke. Direba ya leƙo shago. "Mutumina, ka taɓa ganin mai tarin fuka da ba ya tari? Basir ne ya yi kwanakinsa ya tafi." Daga ranar tela ya tura ƙwayoyin cikin durowar zare.

Bayan mako biyar tabo ya sake bayyana a wando, zazzaɓi ya dawo. Matar ta kai masa abinci shago, ta ja durowa, ta ga magani cikin zare ko ɓare shi ba a yi ba. Ta kwashe, ta ɗauki katin asibiti.

"Ina za ki da shi?"

"Wurin likita."

"Ki tona mini asiri sau biyu? In kika tsallake ƙofar nan, kada ki koma mini gida."

Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Gara ka kore ni da ranka, da in zauna ina takabarka." Ta fita.

Washegari ma'aikaciyar jinya ta zo har shago, ta same shi ko zare ba ya iya zurawa a allura. Aka sake gwaji, kwanaki ana jira. Allah ya taimaka ƙwayar ba ta gagari magani ba, amma aka mayar da shi farko, wata shida cif.

Yau ya warke sarai, har ya kwance ɗinkin ƙugun nan. Matar kuwa tana gidan iyayenta, don girman kai ya hana shi zuwa ya ce ya yi kuskure.

Telan nan yayanku ne, ni na haife shi. Na faɗa masa a ɗaki ya ƙi ji, shi ya sa na kawo nan.

Darasi: Ba duk ciwon dubura ne basir ba, kuma ba duk mai tarin fuka ne ke tari ba. Ciwon da ya ƙi warkewa a kai shi asibiti, magani a sha shi har ƙarshe, wanda ya tona ka don ka rayu kuma ba maƙiyinka ba ne. Ku tura wa wasu su karanta. Ku kuma na cikina, ku sa yayanku gaba ku je ku ba yarinyar nan haƙuri, ku kashe maganar nan a makon nan. Ƙafata ba za ta taka gidansa ba sai matarsa ta koma.