Zogalen Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanki, aminiyata.

Ta zo mu saurara.

Bushiya ce, mai kunya da tsimi, ita kaɗai a gida tun rasuwar mijinta. Abin da ya bar mata zogale ɗaya ne. Da rani ya tsananta, rijiya ta ja baya, sai ta daina zubar da ko ɗigo. Ruwan wankin gero na zogale ne, alwala ma a gindinsa take yi.

Rannan Agwagwa, uwar facaka, ta yi sallama. Bushiya ta yi murna, don ta manta rabon da a tako mata gida. Ta kawo ruwa a moɗa. Agwagwa ta kurɓa, za ta watsar da saura.

"Yaya, don Allah juye shi a gindin zogale."

"Ragowar ruwan baƙo ma sai kin bi sawu? Allah ya raba mu da rowa." Ta fice.

Da rijiya ta koma sai ɗan tsatso, dabbobi suka ɗaure kaya za su bar gari. Agwagwa ta leƙo ta kan danga.

"Ke mai zogale, tashi mu tafi."

"In na tafi, wa zai ba shi ruwa?"

"To zauna ku yi ta hira."

Suka tafi. Ɗan tsatson nan ya ishi mai tsimi, zogale bai bushe ba. Kullum da hantsi Bushiya takan zauna a inuwarsa ta ce, "Ina kwana?" Ta ɗan jira, sannan ta amsa wa kanta.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Amma aminiya, kada ki faɗa wa kowa. Awaki na da kunne, zogalen kuwa ɗaya ne.