Kwalekwalen da Ya Ɓace a Kacala

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku.

A wani ƙauyen masunta da ke gefen fadama, akwai wata dattijuwa, Iya Kande. Mijinta Malam Gwadabe tsoho ne mai taurin kai, an hana shi shiga ruwa ya ƙi ji. Ran nan ya tura kwalekwalensa cikin kacala, ciyawar nan da ta fi mutum tsawo, bai dawo ba. Matasa suka yi ta nema har muryoyinsu suka dishe. Ga shi bai tafi da maganinsa ba, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Wasu ma'aikata suka taimaka da ƙaramin jirgin sama marar matuƙi, ya ɗauko hotunan fadamar dubbai, waɗanda ido ba zai iya gama dubawa ba. 'Ya'yan Iya uku, da duk suka karanci kwamfuta, suka iso daga birni. Ita dai ta tsuguna a bayansu, carbi a hannu, ba ta gane komai sai fuskokinsu.

Babban, Sagiru, shi ya rubuta manhajar da ke gane kwalekwale ko da hancinsa kaɗai ya leƙo daga ciyawa. Aiki ne na gwani, na rantse. Sai dai manhajar hoto ɗaya take ɗauka, ta gama, sannan ta ɗauki na gaba. Iya ta ga Sagiru ya dafe kai. A haka sai gobe za a gama.

Sai Bara'atu, mai bi masa, ta ja kujera. Ta lura babu hoton da ke jiran sakamakon wani, kuma na'urar ƙwaƙwalwa takwas gare ta, ɗaya ke noma bakwai suna inuwa. Ta yanka aikin gida takwas, ta ba kowace nata zaren aikin, suka kama a lokaci guda. Kafin a kira la'asar an gama.

Sakamako ya fito: babu.

A waje har an fara shimfiɗa tabarmin zaman makoki.

Auta Mardiyya ce ta ƙi yarda. Ita dama tun tana ƙarama ba a yi mata gaibu. Ta gwada manhajar a kan hotunan bakin gaɓa, inda kowa ya san akwai kwalekwale a ɗaure. Ta gwada, ta sake, lissafin bai zo ɗaya ba.

"Yaya Bara'atu, zaren nan takwas duk wuri guda suke rubuta sakamako," in ji ta. "Wannan ya rubuta ya gani, wancan ya zo ya goge."

Ta sa wa wurin makulli, kowane zare sai ya jira ɗan'uwansa ya gama rubutu. Aka sake tayarwa, iska na ta kaɗa ƙyaure. Can sai hoto ya fito: kwalekwale maƙale a kacala, da wani abu kamar hannu a ɗage. Iya ta fashe da kuka, ba ta ji kunyar kowa ba.

An fito da Malam Gwadabe ruwan sama na sauka, leɓɓansa duk sun tsage. Da ya farfaɗo, ya ce shi da ruwa sun yi sallama. Ya sa aka ɗauko filafilin tuƙin kwalekwale da ya gada wurin mahaifinsa, ya miƙa wa matarsa.

"Ke kika ga komai. Ki ba wanda ya gano ni."

Iya ta dubi Sagiru, wanda ba don shi ba na'urar ba ta san abin da take nema ba. Ta dubi Bara'atu, wadda ta riga hadari. Ta dubi Mardiyya, wadda ta ƙi karɓar gaisuwar mutuwar ubanta. Filafilin ya yi mata nauyi a hannu.

To jama'a, da ku ne Iya Kande, hannun wa za ku danƙa wa?