Rediyo da Musun Gwanin Sukuwa

Ku yaran yanzu, bakinku ya fi hannunku aiki. A ba ku amana, ku ajiye ta a ƙasa, ku duƙufa kan waya kuna tayar da jijiyar wuya a kan mutanen da ba su san an haife ku ba. Tir da wannan hali! Tunda wayar tana hannunku, ku karanta wannan, ko kunya ta kama ku.

Akwai wani matashi mai kula da dawaki a wata barga ta dawakin tsere. Ana ce masa Rediyo, don in ya buɗe baki babu mai iya kashe shi.

Yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne mahayin bargar. Mutum ne marar surutu. Da hawan nan yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa da tsohuwarsu, kuma shi ya roƙi mai dawakin ya ɗauki ƙanensa aiki.

Aikin Rediyo ba mai wuya ba ne. Ya share barga, ya ba da ruwa da harawa, ya goge doki, ya ɗaura sirdi. Amma abin da ya ɗauka sana'a shi ne musun wane ne gwanin mahaya a duk duniya.

Shi gwaninsa wani ɗan guntun mahayi ne na wata ƙasa mai nisa, wanda ya raɗa wa suna Guguwa. Abokin musunsa kuwa Maƙeri ne, mai gyaran kofaton dawakin bargar. Shi Maƙeri ya kafe a kan wata mata mai tsallake shinge da doki. Dukansu biyu a waya kawai suka taɓa ganin mutanen nan. Shi Rediyo ma tun da wata goɗiya ta yar da shi cikin kwatami bai ƙara marmarin hawa ba.

To, akwai wani baƙin ingarma a bargar mai wayon tsiya. In an zo ɗaura masa sirdi sai ya kumbura ciki. Ka ja majayi, wato ɗamarar fatar da ke zagaye cikinsa ta riƙe sirdi, ka ga ya kama tsam. Da ya ɗan taka sai ya saki iskar, majayin ya yi sako-sako. Kowa a bargar ya san dokar: a ɗaura, a zagaya da shi, a sake ja. Rediyo ya fi kowa sani, don shi ke yi kullum.

Ranar wani babban tsere, da hantsi, Rediyo ya ɗaura wa baƙin ingarman sirdi ya ja majayi. Ya kama ragama zai zagaya da dokin ke nan, sai ga Maƙeri da wayarsa a hannu, yana murmushin neman magana.

"Rediyo, ka ga abin da ta yi jiya? Shingen ya fi ka tsawo, ta wuce kamar tsuntsuwa. Ina guntun naka?"

"Kai, rufa mana baki! Tsalle ai wasan akuya ne. Gudu ake magana, malam, gudu!"

"Gudun me? Dokin ne ke gudu, shi ɗan naka maƙalewa kawai yake yi kamar kaska."

Rediyo ya saki ragamar, ya rataya ta a turke, ya zaro tasa wayar.

"Kaska? Guguwa ne kaska? Zo ka ga yadda yake shan kwana. Kalli gwiwarsa! Kai da ba ka san komai ba sai warin kofato."

"Ni dai ban taɓa kwana a kwatami ba."

Aka kwashe da dariya. Rediyo ya ƙara hawa, har kumfa na fita a gefen bakinsa. Dokin yana tsaye a bayansa, ya saki numfashi, cikinsa ya koma daidai.

Aka busa kiran mahaya. Yayan ya fito da hular kwano a hannu, ya dafa wuyan dokin.

"Ƙanena, ka zagaya da shi? Ka sake ja?"

"Na ja, Yaya."

Ko ɗago kai bai yi ba. Idonsa na kan waya ya faɗi wannan ƙaryar.

Yayan bai duba ba. Da wani ne ya ɗaura, da ya sa yatsa ya gwada. Amma ƙanensa ne, ciki ɗaya. Ya sa ƙafa a likkafa, aka ɗaga shi, ya tafi.

Rediyo yana jingine da shingen fili, yana ta cewa Maƙeri ya tsaya ya ga wani wuri a bidiyon, sai ya ji ihun mutane ya sauya. Ya ɗaga kai. A kwanar farko sirdin ya zame ya koma gefen cikin doki. Ya ga yayansa a ƙasa, dawakin baya suna bi ta kansa.

Likita ya ce ƙashin baya ne ya taɓu. Rai dai yana nan, ƙafafu kuwa sai abin da Allah ya yi.

Da mai dawakin ya tambaye shi, Rediyo ya ce majayin ne ya tsufa ya tsinke. Mutumin ya aika aka kawo sirdin. Ya ajiye shi a gaban Rediyo. Majayin lafiyarsa ƙalau, yana maƙale a ramin farko inda aka bar shi.

"Ɗauki kayanka," in ji mai dawakin. "Kuma kada ka wahalar da kanka zuwa wata barga. Kafin ka isa labarinka ya isa."

Kuna tsammanin ya yi hankali? Ina!

Washegari da rana tsohuwarsu ta fito daga ɗakin da aka kwantar da ɗanta, da kwanon da ya kasa cin abin da ke ciki. Ta tarar da Rediyo a kan bencin asibiti, ya kara waya a baki yana aika wa wani saƙon murya ƙasa-ƙasa.

"Ai da Guguwa ne, ko sirdin ya zame ba zai faɗi ba. Shi da gwiwa yake riƙe doki..."

Ya juyo ya gan ta. Ya miƙe, wayar ta kusa suɓucewa.

"Mama, ba abin da kike zato..."

"Yi mini shiru."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube shi tun daga sama har ƙasa, irin kallon da ake yi wa abin da aka taka a hanya.

"Ɗan'uwanka yana ciki ba ya jin ƙafarsa, kai kana nan kana auna shi da wani ƙato da bai san da zamanka ba. Ya tambaye ka, ka ce ka ja. Da bakin nan naka ka faɗa."

"Mama, ki yafe mini."

"Kada ka ƙara ce mini Mama. Ka ajiye sunan nan sai ranar da yayanka ya taka ƙasa da ƙafarsa."

Aka sallamo yayan a keken guragu. Babu bargar da ta karɓi Rediyo, sai dako ya koma yi a bakin kasuwa, abin da ya samo a ci da shi a gidan. Kafin ya fita, shi ke ɗaga yayansa daga gado, ya kai shi banɗaki, ya yi masa wanka, ya mayar da shi. Yayan bai taɓa yi masa gori ba. Sannu kawai yake ce masa, kuma wannan sannun ta fi masa zagi ciwo.

Kowace safiya yana durƙusawa a ƙofar ɗakin tsohuwar ya gaishe ta. Tana jinsa. Takan ci gaba da jan carbinta, fuskarta na kallon bango.

Shekaru sun wuce. Yayan bai taka ba, ita kuma ba ta amsa ba.

Darasi: In aiki yana hannunka, gama shi kafin ka buɗe baki, kuma in ba ka yi ba kada ka ce ka yi. Gwanin da kake haƙilo a kansa ba zai zo ya ɗauki ɗan'uwanka daga ƙasa ba. Ku tura wa duk wani mai bakin musu da kuka sani, tun kafin ya nakasa wanda ya yarda da shi.