Yadda Kurege Ya Gajarta Lamda

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, in dai ba doguwa ba ce.

Ai a kan tsawo rigimar ma ta tashi. Namun daji ne suka sayi injin tara amfanin gona, mai dogon hannu. Kunkuru ya rubuta masa umarni, irin wanda masu haɗa manhaja ke kira lamda: abin da aka kawo, karɓa, duba, in abinci ne kai rumbu, in ba abinci ba watsar.

Kurege ya leƙa, ya ja tsaki. "Haba Baba Kunkuru, wa ke wannan dogon surutu yanzu? Sunan mai aiki, ɗigo huɗu, sunan aikin, shi ke nan."

"Dubawar fa, ɗan nan?"

"Tsohon yayi!"

Dabbobi suka tafa, don ba mai son a ce masa baƙauye. Kurege ya goge, ya rubuta Kurege::ci. Kowa na gyaɗa kai, ba wanda ya karanta.

Aka kawo gyaɗa, inji ya cafko Kurege ya ɗura masa. Aka kawo aya, ya ɗura masa. Gogan naku sai lumshe ido yake. Kurege ya ƙoshi, inji bai san ƙoshi ba. Aka kawo barkono, ya ɗura masa. Biri ya yar da tsohon takalmi, inji ya ɗauka ya ɗura wa Kurege. Gajeren umarnin nan ba ya tambaya, abin da ya zo shi yake miƙawa.

Can Kurege ya hango Beguwa tafe da damin ƙayarta, ita abin da ta noma ke nan. Ya san in damin nan ya iso, tasa ta ƙare. Sai ga Kura.

"Yaya Kura, don Allah kada ki goge sunana ki sa naki. Nama ne a damin can."

"Nama? Matsa, ɗan banza!"

Ta fizge shi ta yar, ta rubuta Kura::ci, ta wage baki tun inji bai taɓa ta ba. Dami ya iso, inji ya ɗura mata. Shi ya sa har gobe Kura ke tafiya ƙugu a ƙasa, tana dariyar da ba ta daɗi ba.

Rumbu kuwa wayam. Da yunwa ta kama gari, Kunkuru aka tsare, wai shi ya fara rubutun. Kurege ne ma ya ba da shaida, yana gyatsa.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege! In za ka gajarta aiki, gajarta da sunan maƙwabci.