Darmar Tayar Baya

An yi wani mutum a garin Kafanchan, mai facin taya. Rumfarsa na bakin hanyar da ke fita zuwa Gidan Waya. Ba za a faɗi sunansa ba, domin danginsa na nan da rai. Baban Irene ake kiransa. Dattijo ne a ikkilisiya, shi ke kaɗa ƙararrawa ranar Lahadi.

A shekarun nan, bayan an koma tuƙi ta hannun dama, tireloli suka yi yawa a hanyarmu. Su kwashi citta zuwa kudu, su dawo da siminti. Duk direban da tayarsa ta sace, wurin wannan mutum yake tsayawa.

Ya 'yan'uwa, ga abin da ya kamata ku sani. Taya ba ta da nauyi ɗaya a ko'ina. Wani gefe yakan fi wani, balle in an yi mata babban faci a ciki. In tana gudu, gefen mai nauyi ya riƙa dukan ƙasa, tayar na tsalle. Shi ya sa a manyan garejin Jos ake ɗora ta a kan na'ura, a maƙala guntayen darma a bakin ƙarfen tayar, ta gefen da ba shi da nauyi. Wannan ne direbobi ke kira balansin.

In darmar tayar gaba ta faɗi, direba zai sani nan take, domin sitiyari zai kama rawa a hannunsa. Amma tayoyin baya, can ƙarƙashin kaya, nesa da direba, wa ke jin rawarsu?

Mutumin nan ya san da haka. Yana da aboki mafarauci, Kambai, daga gindin duwatsun Kagoro, wanda kullum ke neman darma ya narka ya yi harsashi. Wata rana Kambai ya ga guntu ɗaya a jikin tsohuwar taya, ya roƙa, aka ba shi. Bayan kwana uku ya kawo cinyar gada. Baban Irene ya ci, ya lashe hannu. Daga ranar ya fara. In direba ya bar masa mota ya tafi cin tuwo, sai ya sa filaya ya ɓamɓare darmar tayoyin baya, ya jefa cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin benci. Ta gaba kam ba ya taɓawa.

Zuciyarsa ta yi masa magana, ya ba ta amsa. Ya ce tayar tirela ba ta bukatar wani balansin, ita bi kawai take yi, inda aka ja ta nan take zuwa. Ya yi ta faɗa wa kansa har ya kusa yarda. Gidansa kuwa ba a rasa naman daji. Da matarsa Lai'atu ta tambaye shi me ya yi wa Kambai haka, sai ya ce zumunci ne.

Akwai wani direba, Ukachi, ɗan ma'aikacin reluwe, haifaffen Kafanchan. Tayar baya ta hagu a tirelarsa na da babban faci, har darma huɗu aka sa mata a Jos. Wata rana da ya bar motar a rumfar, Baban Irene ya cire duka huɗun. Mako shida tirelar na zuwa kudu tana dawowa a haka.

Ran wata Alhamis da hantsi Ukachi ya tsaya a rumfar, tirela cike da buhunan citta.

Ya ce, "Baba Dattijo, zo ka duba mini. Taya na baya ya cinye wuri wuri kamar ɓera ya gaigaye shi. Darma da aka sa mini fa, ina ya tafi?"

Mutumin ya durƙusa ya duba. Ya ga tsatsa ta zubo daga gindin notuna, alamar sun daɗe suna motsi. Ya ga ɗaya daga cikin ƙusoshin da ke riƙe tayar ta tsage, siririyar tsaga kamar gashi. Shekara ashirin yana wannan aiki. Ya san abin da ya gani.

Amma in ya ce a cire tayar, Ukachi zai tsaya a kansa. Zai ga sawun filaya a bakin ƙarfen, wuri huɗu.

Ya miƙe ya kaɗe gwiwa. "Ramukan hanya ne suka zubar da ita. Kuma tayar baya ba ruwanta da balansin, kada 'yan Jos su ruɗe ka."

"To zai kai ni?"

"Za ta kai ka, ta dawo da kai."

Ukachi ya ce, "In Dattijo ya faɗa, ya zauna."

Mutumin ya ɗauko sifana ya ƙara ɗaure notunan, don ya ɗan kwantar da ransa. Yana cikin haka sai ya ji waƙa.

Matan Zumunta na ikkilisiya ne, su goma sha tara, cikin zane iri ɗaya, da tukwanen kiɗa da ƙunshin kaya a ka. Za su babban taro a Gwantu, motar da aka yi musu alkawari kuwa ta lalace. Shugabarsu, Mama Paulina, ta roƙi Ukachi, tunda hanyarsa ce. Ya yarda. Suka fara hawa kan buhuna suna dariya. Lai'atu na cikinsu. Ta bi ta kan kayan har can baya, ta zauna a gefen hagu, daidai saman tayar nan.

Mutumin ya ga inda ta zauna. Ya matso ya ce, "Lai'atu, sauko. Ki bari sai gobe."

"Saboda me, Baban Irene?"

Wata mai suna Asibi ta tafa hannu. "Kai, jama'a! Dattijo ba zai iya kwana uku ba matarsa ba!"

Mata suka fashe da dariya. Mama Paulina ta ce, "Ka bar mana ita, ba za mu cinye ta ba. Ita ke ba mu waƙa."

Ya ce wa Lai'atu, "To ki dawo gaba."

"Ka san hayaƙi na sa ni amai. Nan ya yi mini."

Ya 'yan'uwa, me ake bukata a wannan lokaci? Magana ɗaya tak. Abin da ya kamata ya ce shi ne, ni na cire darmar, tayar nan ba za ta kai ku ba. Da Ukachi ya zage shi a gaban mata. Da an dakatar da shi a ikkilisiya wata shida. Da kunyar ta wuce kamar yadda kowace kunya ke wucewa. Ya buɗe baki, ya ga idanun mata goma sha tara a kansa, ya rufe.

Sai Mama Paulina ta ce, "Dattijo, tunda kana nan, yi mana addu'ar hanya."

Ya cire hula. Ya roƙi Ubangiji ya kiyaye mota da direba da masu tafiya. Gwangwanin madara na nan taku uku daga ƙafarsa. Suka ce amin. Ukachi ya tayar da mota.

Bayan Gidan Waya akwai gangara mai sauka zuwa wata 'yar gada. A nan tirelar ta ɗauki gudu. Matan baya suka ji buhuna na tsalle a ƙarƙashinsu, suka zaci hanya ce, suka ci gaba da waƙa. Ukachi a gaba bai ji komai ba. Ƙusar da ta tsage ta karye, sauran suka bi ta. Tayoyin hagu suka fita suka shige daji. Tirela ta karkata, igiyoyi suka tsinke, buhuna suka zube da mutanen da ke kansu.

Asibi ta mutu a wurin. Wata kuma ta cika a hanyar asibiti. Aka ciro Lai'atu daga ƙarƙashin buhuna tana numfashi, amma bayanta ya karye. Ba ta sake taka ƙasa ba.

'Yan sanda suka tsare Ukachi. Da aka ɗauko tayar daga daji, ya roƙa a nuna masa, ya shafa bakin ƙarfen da yatsa, ya ga sawun filaya. Kambai ya ji labari, tsoro ya kama shi, ya kai sauran darmar da ke hannunsa wurin fasto, ya faɗi inda yake samunta.

Amma kafin asirin ya tonu, ranar da Lai'atu ta fara iya magana, mijinta na zaune a bakin gadonta. Ta dube shi ta ce, "Baban Irene, me ka sani da ka ce in sauko?"

Ya sunkuyar da kai. Ta juya fuska bango.

'Yan'uwanta suka zo suka ɗauke ta zuwa Zangon Kataf, ita da 'yarta Irene. Ikkilisiya ta karɓe igiyar ƙararrawa daga hannunsa. Direbobi suka riƙa wuce rumfarsa ba sa ko rage gudu. Ba wanda ya kore shi daga gari. Wata rana dai aka gan shi a tashar jirgi ba kaya a hannu, daga nan ba a sake jin labarinsa ba.

Ya 'yan'uwa, tayar baya ma tana bukatar darmarta. Don ba a jin rawarta a sitiyari, ba shi ne ba ta ɗauke da mutane ba. Haka abin da kake yi a inda ba ido. Wani na zaune a kansa, kai ba ka san ko wane ne ba.

Kuma ku lura, ba satar kaɗai ta hallaka mutumin nan ba. Har lokacin da ya cire hula, hanyar tuba na buɗe. Ya fi tsoron dariyar mutane a kan jinin mutane. Ya so ya ceci matarsa shi kaɗai, a ɓoye, ba tare da sunansa ya ɓaci ba, sauran goma sha takwas kuwa su tafi. Allah ba ya karɓar irin wannan rabin tuba.

Kai da ke karanta wannan, akwai maganar da ta tsaya maka a maƙogwaro? Faɗe ta yau, tun mota ba ta tashi ba.

Ubangiji ya ba mu bakin furta laifinmu tun da sauran lokaci. Allah ya kiyaye mu da kunyar da ke kashe wani. Amin.